Kaskar da ta Raba Nazir da Naman Layya

"To ya fito fili ya faɗa mana!" in ji ƙanwata Rahama, tana kaɗa ludayi a gaban hancin ɗiyarta. "Ya ce ni Rahama na barbaɗa wa surukina magani a farfesu!"

"Maman, ba wanda ya ce haka," in ji Mutmainna. "Kaska ce ta cije shi. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Kaska! Shi saniya ne?"

Ni ina zaune bakin firigo ina ɓarar tafarnuwa, kunnuwana a buɗe. Ranar Sallar layya ce, a gidan Rahama a Saint-Denis, Mutmainna da mijinta Nazir sun taso daga Lyon don su yi Salla da mu. Ga tushen rigimar: zuwansu na baya Nazir ya sha farfesun rago a gidan nan, ya yi godiya, ya tafi lafiya lau. Sai da jirgin ƙasa ya kusa Lyon jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya ƙi fita, aka wuce da shi asibiti. Tun ranar bai ƙara taɓa naman gidan Rahama ba. Matan unguwa kuwa, kun san mu. Har a cikin metro na ji ana cewa Rahama ta so ta mallake mijin ɗiyarta, magani ya yi yawa.

Ni dai abin da ya hana ni sukuni daban ne. Na girma cikin shanu a Damagaram, na cire kaska ta fi gashin kaina, ban taɓa jin wadda ta hana mutum cin nama ba. Na ajiye tafarnuwa na lallaɓa falo. Tsufa ya daɗe da cire min kunyar suruki.

"Malam Nazir, Allah ya maimaita mana. Nuna min ita."

"Wa, Inna?"

"Mai laifin."

Ya yi dariya ya ciro salula. Ga ta nan, ƴar ƙarama, ja-ja, da ɗigon fari guda a tsakiyar baya kamar an ɗiga mata nono. Ya ce saboda ɗigon nan ake ce mata mai tauraro ɗaya, kuma a Amerik take. Can Amerik ɗin wurin aikinsu na Villeurbanne suka tura shi bincike. Na ce wane irin bincike? Wai farin ƙyalle yake ja cikin ciyawa, kaska ta manne, ya tsince ta ya sa a kwalba. Jama'a! Duk karatun nan!

"To ta yaya ta shiga tsakaninka da rago?"

Ya ce akwai wani abu a yawunta irin wanda ke cikin naman dabba mai shayarwa. In ta ciji mutum, jikinsa kan ɗauki abin nan abokin gaba. Rago, sa, akuya, har romonsu, duk faɗa ne. Kaza da kifi ba ruwansu. Kuma ba nan take yake tashi ba, sai abinci ya jima a ciki.

"Ba ka ɗana mata garwashi ba? Mu haka muke yi."

"A'a Inna, ba a ƙona ta. Da ƴar matsefata ake kama ta dab da fata, a ja a hankali. Laifina ne, ranar da ta cije ni zafi ya ishe ni, ban cusa ƙafar wando cikin safa ba, ban fesa magani ba, da na koma ban duba jikina ba."

Na ce a nuna min hotonsa na ranar jirgi. Ya nuna. Wallahi ban gane shi ba, idanu sun ɓace cikin fuska. Ya ciro wata allura mai kama da alƙalami daga aljihu, ya ajiye kan tebur, ya ce ita ke cetonsa in abin ya tashi, ko masallaci da ita yake zuwa.

Na koma madafa na iske Mutmainna ta fita shimfiɗa ledar cin abinci. Rahama na tsaye kan ƴar tukunyar miyar kuka da aka yi wa Nazir shi kaɗai da kaza. Ina kallo ta ɗebo romon rago ludayi biyu ta juye a ciki.

"Ke Rahama!"

"Yi shiru, Yaya. In ya ci bai sani ba ya kwana lafiya, sai in ga bakin da zai ƙara ce min kaska. Sunana nake wankewa. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Ban rantse ba, tari na yi. Gaskiya wani ɓangare na zuciyata ya so ya ga yadda abu kamar ƙwayar ridi zai kayar da ƙato. Amma fuskar nan ta cikin salula ta ƙi barin idona.

Aka zauna. Rahama da kanta ta ajiye mishi kwano, har da "Ci, ɗana, kaza ce zalla." Yaro ya ji daɗi an huce da shi. Ya yi bisimilla, ya yanko tuwo, ya dangwala, ya ɗaga.

"Malam Nazir," na ce, "wannan kaskar taka, tana gane romon rago in ya ɓuya cikin kuka? Tambaya nake, don ludayi biyu na gani."

Loma ta tsaya a iska. Ya mayar da ita cikin kwano sannu, ya goge yatsunsa, bai ɗaga kai ba.

"Maman," in ji Mutmainna, "da ransa za ki yi gwaji?"

"Ni ba kashe shi zan yi ba! So nake a daina nuna ni a kasuwa!" Ta juyo kaina. "Ke kuma Yaya, bakin nan naki ko ranar Salla ba ya hutu?"

"Ba ya yi," na ce, na jawo kwanon Nazir gabana, don miya ba ta yi laifin komai ba.

Rahama ta fizgi mayafinta, ta zura takalmin Mutmainna don ba ta tsaya neman nata ba, ta fice daga gidanta na kanta, ta maka ƙofa har allurar Nazir ta gangaro daga kan tebur.