Rakiyar Jar Riga

"Ɗanaudu, ka raka Malam har tunga."

Lauwali na durƙushe a zauren Hakimi lokacin da maganar ta fito. Ya saci kallon dogarin da aka kira. Ƙato ne mai jar riga da jan rawani, bulala rataye a kafaɗa, bakinsa cike da goro.

"Ranka shi daɗe," in ji Lauwali, "da an bari na tahi ni kaɗai. Ƙasar ga anka haife ni, na san hanya."

Hakimi ya yi dariya har rawaninsa na rawa. "Malamin gwamnati shi ratsa ƙasata ba rakiya? Mi za a ce da ni? Girma ne munka ba ka."

Fadawa suka amsa masa tun kafin ya buɗe baki: "Ya gode! Ya gode!" Shi ke nan kuwa, magana ta ƙare.

Lauwali ɗan Kende ne. Yana ƙarami aka ɗauke shi aka kai shi boko, ya yi ta karatu har ya zama malami. Da Turawa suka ga yana da haƙuri da yara, sai suka zaɓe shi ya yi ƙarin karatu a kan kula da ɗaliban makarantar kwana: cinsu, ciwonsu, rigimarsu, da kewar gida da ke hana su barci. In ya kammala, shi za a naɗa uban ɗalibai a babbar kwaleji. Kafin nan aka tura shi wata makarantar kwana ta lardi domin a gwada shi, a can ne kuma wani ɗalibi mai suna Sodangi ya tsere.

Sodangi ɗan masunta ne daga wata tunga a bakin kogin Kwara, gaba da Bagudo. Labari ya iske shi cewa ubansa ya rasu, ga ruwa ya fara janyewa, lokacin su, wato kamun kifi, ya kama, babu mai tuƙa wa uwarsa jirgi. Dokar makaranta kuwa ba ta san da wannan ba. Duk wanda ya gudu, da igiya ake dawo da shi, a zane shi a gaban sauran. Lauwali ya yi ta naci a ƙofar Baturen makaranta har Bature ya gaji ya yarda: ba igiya, ba bulala, yaro ya zauna gida har a gama su, sannan ya dawo da ƙafarsa. Wannan albishir ne Lauwali ya ɗauko yana ta murna, yana ganin karatunsa ya fara amfani. Sai dai duk tsawon karatun nan, babu malamin da ya koya masa yadda ake mayar wa Hakimi da girmansa.

* * *

A cikin jirgi ya sake gwadawa.

"Ɗanaudu, don Allah ka tsaya Bahindi ka jira ni. Ko kuwa ka tuɓe rigar ga ka sa ta ƙarƙashin tabarma."

Dogari ya dube shi kamar ya ga sabon hauka. "In tuɓe rigar sarki? Kai Malam, lalle boko ya taɓa ka." Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Mutumin ba mugu ba ne, hasali ma akwai shi da hira. An ce ya raka baƙo, rakiya kuma yake yi da zuciya ɗaya.

Da hantsi suka hango tungar, 'yan bukkoki da hayaƙin banda na tashi a kansu. Wata mata da ke wanki a bakin ruwa ta ɗaga kai, ta kare rana da hannu, sai ta watsar da ƙwarya ta ruga tana ihu. Kafin su matso, wani ɗan jirgi ya fito daga cikin ciyawa kamar an harbo shi, yaro a tsaye yana danna gorar tuƙi iya ƙarfinsa. Ya nufi sama, wajen yankin da Faransa ke mulka, wanda ake ce wa ƙasar Faransa.

Lauwali ya miƙe har jirgi ya nemi kifewa. "Sodangi! Ni ne! Alheri na kawo!"

Iska ta kwashe muryarsa. Ɗanaudu ya ga ya kamata ya taimaka, shi ma ya miƙe, ya ɗaga hannu da jar rigarsa tana kaɗawa, ya daka tsawar da sai da tsuntsaye suka tashi: "Kai yaro! Tsaya nan!"

Yaro ya ƙara mai. Lauwali ya koma ya zauna.

* * *

Uwar Sodangi, Tasallah, suka tarar a gindin banda tana juya kifi. Ba ta ko ɗago ba.

"Inna, ni ne malamin Sodangi."

"Ba ni da ɗa."

Lauwali ya durƙusa kusa da ita cikin hayaƙi, ya kwashe komai ya faɗa mata. Ba duka, ba igiya, yaro zai zauna da ita har a gama su. Hannunta ya tsaya a kan kifin har wuta ta fara cinsa. Ta juyo a hankali, ta dube shi, ta dubi dogarin da ke can yana shan ruwa.

"To mi ya hana ka zo kai kaɗai, Malam?"

Ta yaya zai gaya wa matar da mijinta bai daɗe a kabari ba cewa kunyar Hakimi ya ji?

Da aka hango jar riga, ita da kanta ta ce wa yaron ya gudu. Haka mutanen tungar suka saba tun da Turawa suka raba kogin: in jar riga ta ɓullo, samari su haura wajen dangi a ƙasar Faransa har ta wuce, in masu kamun mutane na Faransa sun matsa wa na can, su gangaro nan. Amma bana kowa ya ji labarin ana tattara samari a can, ana kai su aikin hanya na tilas a kudu. Tasallah ta san da haka. Ta auna ta ga bulalar da ke ƙofar ɗakinta ta fi kusa.

Lauwali ya ce zai bi shi. Ɗanaudu ya girgiza kai. "Malamin gwamnatin Ingilishi shi taka ƙasar Faransa ba izini? Kai da aikinka kun rabu, ni kau kaina za a nema." Gaskiya ya faɗa, Lauwali kuma ya sani. Sai wani tsohon masunci mai suna Arzika ya ɗauki filafili ya bi bayan yaron.

Aka zauna jira. Lauwali ya yi ta juya abin da aka koya masa: ka san gidan ɗalibi, ka saurare shi, ka sa ya yarda da kai. Duk ya yi, babu wanda ya tsallake.

* * *

Washegari da la'asar Arzika ya dawo, yana jaye da ɗan jirgin Sodangi babu kowa a ciki. Bai yi kwana-kwana ba.

"Mashigin da yas sauka, nan mutanen Faransa sunka tara samarin. Ƙafa tai kawai yas sa ƙasa sunka riƙe shi. Na iske an ɗaure su jere, an yi kudu da su."

"Yaushe ake sako su?" Lauwali ya tambaya.

Tsoho ya dubi ruwa. "Na bara dai, wasu sun komo."

Lauwali ya jira Tasallah ta yi kururuwa, ko ta zage shi, da ma ya fi masa sauƙi. Ya riga ya san abin da zai faru a makaranta. Bature zai ce yaro ya gudu ƙasar waje, ba ruwan makaranta, a ba wani gadonsa. Watakila ma a yaba wa Lauwali da ƙoƙari, ya zama uban ɗalibai kamar yadda aka tsara.

Tasallah ta shiga bukka ta daɗe. Da ta fito, akushi ne a hannunta, tuwon shinkafa da miya, ga ƙaton kan giwan ruwa a sama. Ta ajiye a gaban baƙin, ta kawo ruwan wanke hannu.

"Ku ci, Malam. Don shi nid dafa, na zaci yau za shi komo. Kar shi lalace."

Ɗanaudu ya yi bismilla ya naɗe hannun riga. Lauwali ya yanko loma, ya riƙe ta a hannu, miya tana bin yatsunsa tana ɗiga a ƙasa. Tasallah ta koma bakin ruwa, ta fara kwashe ruwan da ya taru a cikin ɗan jirgin.