Masu Jaka Shuɗiya

Abduljalil ya wayi gari idanunsa jajur, domin tambaya ɗaya ta hana shi runtsawa: shin 'ya'yan Hausawa sun ƙare ne a makarantar firamaren da yake koyarwa a unguwar Ammariyya, a nan ƙasar Larabawa? A nan shi ma ya yi karatu, zamanin da in aka kira Ubale sai kawuna da dama su ɗago. Bana kuwa ajinsa Yazan ne da Mish'al da Nayef, Larabci zalla a bakinsu. Dama don ya zama tafintan iyayen da Larabcin ofis ke yi wa wuya ya zaɓi makarantar, in sun watse zamansa ya rasa dalili. Har ya nemi a mayar da shi wata makaranta a Aziziyya, mudir, wato shugaban makarantar, yana jiran maganarsa ta ƙarshe.

Mahaifiyarsa Rahamatu ta ga halin da yake ciki. Amma shi ne ɗanta na fari, kuma bisa al'adar kunya ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai ta aiki ƙanwarsa ta gaya wa "wancan" ya sha shayinsa ya daina harare mata bango.

Da aka tashi makaranta ya biyo ta ƙofa, inda Raed mai gadi yake kiran yara da lasifika idan iyayensu sun zo. Ya tarar da shi yana fama da wani mutum mai farar jallabiya.

"Ya akhi, sunan yaron nake tambaya," in ji Raed.

"Ai ka san shi. Mai jaka shuɗiya."

"Rabin makarantar nan jakarsu shuɗiya ce."

Mutumin ya siffanta giɓin yaron, ya siffanta tafiyarsa, suna dai ya ƙi fita. Raed ya juyo yana kai wa Abduljalil ƙara, cewa da can jefi-jefi yake haɗuwa da irin waɗannan iyaye, bana sun cika masa ƙofa. Akwai ma wanda kullum yake saɓo 'yar ƙaramar 'yarsa a kafaɗa, aikinta kawai ta faɗi sunan yayanta. Shi dai a ganinsa wata cutar mantuwa ce ta shigo unguwar.

Abduljalil ya dubi mutumin, ya tambaye shi da Hausa: "Na fari ne?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Kai ma ka sani, Malam."

"Mai manyan kunnuwa irin naka?"

"Na kakansa ne."

Abduljalil ya karɓi lasifikar ya kira Yazan, wanda ya yi wata guda yana zaune gabansa a aji. Yaron ya fito da gudu, ya ɗan rusuna. Uban ya kau da kai yana duban motoci kamar bai taɓa ganinsa ba, yana ta yi wa ɗan wani sannu da karatu.

Abduljalil ya tsaya har aka watse. Duk uban da ya fara kwatance da hannu, sai ya gaishe shi da Hausa, a amsa masa da Hausa ana dariya.

Washegari ya leƙa ofishin mudir, ya ce ya fasa tafiya, bai tsaya bayani ba. Da lokacin tashi ya yi, ya jawo kujera ya ajiye kusa da ta Raed.