Siminti a Ɗakin Goro

"Kaka, in da gaske Aljanna Amidu ya tafi, me ya sa ta rijiya ya bi? Ba a sama take ba?"

Malam Zuberu ya tsaya da lomar sakwara a hannu. Jikarsa Asiatu, 'yar shekara biyar, ta kafe shi da ido tana jiran amsa. Uwarta Hanatu na durƙushe a bakin zaure da ƙwaryar ruwan wanke hannu. Amidu ɗan maƙwabta ne. Bara da damina ya bi akuya cikin ciyawar bayan gida, sai da la'asar aka gano shi a ƙasan wata tsohuwar rijiya.

"Ke amaryar nan, bakinki ya yi yawa," in ji tsohon, yana ƙaƙalo dariya. "Zan sake ki in auro mai kunya."

"Sake ni mana, tsoho mai jan haƙori!"

Hanatu ba ta tsawata mata ba. Shekara guda ke nan tambaya irin wannan na cin ta, kunyar suruki ta hana ta furtawa.

Salaga garin rijiyoyi ne. Zamanin da ayarin fatake ke sauka da jakuna dubu, kowane mai masauki sai ya haƙa tasa. Ciniki ya koma wani wuri, gidaje suka rushe, rijiyoyin suka zauna baki buɗe a cikin ciyawa. Uku daga cikinsu na bayan dangar Hanatu. Ga ƙaraminta Hudu ya fara tafiya, kuma bai san wata hanya ba sai wadda aka hana shi. In za ta yi daka, sai ta ɗaure ƙafarsa da ɗankwali a jikin turmi, yana kuka tana daka. Mijinta Mikaila yana Bawku sayen shanu, sai kaka zai dawo.

* * *

A shekara ta biyu da fara biyan haraji, baitulmali ya mayar wa unguwarsu kasonta. Ba kuɗi aka kawo ba. Buhun siminti goma sha biyu aka sauke, aka ce a ɗaure bakin rijiyoyi a yi musu murfi. Ranar Hanatu ta yi daka har da waƙa.

Dattawa suka taru a zauren Malam Zuberu, shi ne babbansu. Hanatu ta kawo tsintar shinkafarta jikin zana, inda ba abin da zai wuce kunnenta.

"Guminmu aka karɓa, aka mayar mana da toka a buhu," in ji Malam Zuberu. "Wa ya tambaye mu abin da muke so? Rijiyoyin nan kakanninmu suka haƙa, a buɗe suka sha, a buɗe suka bar mana. Yau mu karɓi murfi, gobe a ce ga kuɗin murfi a kan haraji. Wata mai kamawa za a yi babban taron shugabannin zangunan Hausawa a Yendi, can za a yanke abin da za a faɗa wa Bature kan harajin nan. In ba mu je da mutuncinmu ba, mutanen Bawku ne za su yi magana da bakinmu. A sayar da tokar nan a yi guzuri."

Hanatu ta san ba duka maganarsa ce banza ba. Harajin ya yi nauyi, ita ma tukunyarta ta shaida. Amma haraji ba ya haɗiye yaro.

Sayibu tela, wanda matasan unguwa ke bi, ya gyara murya. "Baba, Allah ya ƙara girma. Guzurin nan na hanya ne, ko na sababbin riguna?"

"Kai da za a kawo wa ɗinkin kake tambaya?" in ji Malam Zuberu.

Aka yi dariya, daga dariya aka koma hayaniya. Matasa na cewa a gina, dattawa na cewa a sayar, har azahar ba wanda ya sauka. A ƙarshe aka ce kada a gina, kada a sayar, sai an dawo daga Yendi an ji yadda sauran zanguna suka yi da nasu. Tun da kowane ɓangare na zargin ɗayan zai kwashe a ɓoye, aka kulle buhunan a ɗakin goron Malam Zuberu, aka ba tsoho Zibrim mabuɗi. Shekara arba'in yana kula da goro, bai taɓa barin ƙwaya ɗaya ta bushe ba, kuma kowa ya yarda da amanarsa.

Hanatu ta ajiye tsintar shinkafar. Ɗakin goro ba ya rabuwa da laima, kullum safiya ana yayyafa masa ruwa. Mikaila kuwa ya taɓa ba ta labarin magina a Bawku, yadda suke ɗora siminti a kan katako suna gudun ko raɓa ta taɓa shi.

Da taro ya watse ta shiga zaure, abin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ku gafarce ni. Abin nan ba ya son ruwa. In ya ji laima dutse yake komawa."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ɗanku, Baba. A Bawku ya gani."

Tsoho Zibrim ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Yarinya, abin da aka kawo don rijiya shi ne zai ji tsoron ruwa? Je ki, amana ce a hannuna. Yadda nake riƙon goro haka zan riƙe shi."

"Abin da nake tsoro ke nan, Baba."

"Tashi ki ba mu wuri," in ji Malam Zuberu, ba da faɗa ba. "Wannan ba maganar cikin gida ba ce."

* * *

Aka yi karo-karo, dattawa shida suka tafi Yendi da sababbin riguna, ɗinkin Sayibu. Damina ta kankama, ciyawa ta kai ƙugu.

Kowace safiya Hanatu na ganin Zibrim ya shiga ɗakin da butarsa. Wata rana ta leƙa ta bayansa. Ya lulluɓe buhunan da ɗanyen ganye, layi-layi, yana yayyafa musu ruwa da tafin hannu yana bismilla.

"Baba Zibrim, don Allah ko katako a sa musu a ƙasa."

"Taɓa ki ji, jikata. Da suka zo laushi gare su kamar gari. Yanzu dubi yadda suka yi ƙwari. Sun samu kula."

Ta je wurin Sayibu. Ya ce in ya taɓa ƙofar nan dattawa ba sa gari, za a ce sata ya zo yi, kuma shi ke nan ɓangarensu ya faɗi. Ta dube shi, ta ga shi ma ɓangarensa yake tsaro. Ta dawo gida ta ɗauki lauje ta share ciyawar bakin rijiyoyin uku. Kwana goma ciyawar ta sake tofowa.

Bayan mako uku matafiya suka dawo, aka tarye su da guɗa. Malam Zuberu ya ba da labari a zaure: an yi jawabai kwana huɗu, na Yendi sun ce a rage haraji, na Bawku sun ce a bar shi amma a ƙara kaso, an tashi a kan za a sake zama baɗi a Bawku.

"To baɗin nan da me za mu je?" in ji wani. Nan take masu son sayarwa suka yi rinjaye. Aka kira wani magini daga kasuwa ya yi ciniki.

Zibrim ya buɗe ɗaki da alfahari, ya yaye ganye. Maginin ya danna buhu da yatsa, ya ƙwanƙwasa da gindin wuƙa, buhu ya amsa ƙwal. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Malamai, duwatsu kuka kira ni in saya?"

 Zibrim ya zauna a ƙasa, butar na hannunsa. Sayibu ya buɗe baki zai ce wani abu, ya tuna da ziyarar Hanatu, ya rufe. Malam Zuberu ya ce a kai su bayan gari a zubar kafin labari ya kai baitulmali.

Hanatu ta fito daga bayan zana, Hudu a goye. Ta durƙusa, amma wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, ku ba ni su."

"Ki yi me da dutse?"

"Dutse ba ya hana ni komai, Baba. Nauyi nake nema."

Malam Zuberu ya daɗe yana kallon goyon da ke bayanta. Ya juyar da fuska, ya ce, "Ɗauki."

* * *

Washegari ta sayar da tasoshinta biyu na aure, ta sayi itacen ƙirya goma sha biyu, irin wanda gara ba ta ci. Uwar Amidu ce ta fara zuwa, ba sallama ba tambaya, ta kama gefen buhu. Wasu mata uku suka biyo. Buhu ɗaya sai su biyar, suna mirgina shi a kan tsohuwar tabarma suna ja. Suka jera itace a bakin kowace rijiya, suka danne da buhu huɗu-huɗu, suka cike tsakani da jar ƙasa. Kafin la'asar hannun Hanatu ya fashe, rijiyoyi uku sun rufu. Ta hau kan ta ƙarshe ta yi tsalle sau biyu, murfin bai motsa ba.

Maginin ya ce da simintin na da rai, da ya ishi rijiya goma sha biyar. Uwar Amidu ta ji. Ta tsaya tana kallon ciyawar da ta miƙe daga nan har bayan masallaci, iska na kaɗa ta.

Kai mai karatu, in hanya ta kawo ka unguwar nan da damina, kada ka bar turba don ka yanke. Inda ka ga ciyawa ta fi kore, ta fi tsayi, can bakin yake. Ka riƙe hannun ɗanka har ku fita.