Karatun Hadassah

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a unguwar Romi ya ɗauka wahala ta ƙare. Ina! A shekarar masaƙa ta sallami Istifanus, a shekarar kuma ya cire 'yarsa Hadassah daga aji uku na firamare, wai na zango ɗaya kacal. Zango ya bi zango, yarinya na yawo da farantin lemo a ka.

Matarsa Lydia ta yi mita har bakinta ya gaji.

"Baban Hadassah, yarinyar nan fa tana girma."

"To me ya rage? Ba ta iya karatu ba? Kina jin ta kullum."

Da wannan yake lallashin zuciyarsa. Kowace safiya, kafin talla, Hadassah kan buɗe littafin addu'o'in coci inda aka maƙale tsinken tsintsiya, ta karanta musu addu'ar safe tiryan-tiryan, yatsa na bin layi. Ko 'yar fasto sai haka.

Ran Asabar aka binne wani abokin aikinsa na masaƙa. Istifanus ya tafi da littafin, ya mayar da tsinken shafin addu'ar jana'iza, ya dawo a gajiye liƙis, ya manta.

Washegari Hadassah ta buɗe inda tsinke yake, ta gyara murya, ta fara gode wa Allah da ya tashe su lafiya. Istifanus na gefenta, idonsa ya sauka a kan shafin. Yatsan yarinya na tafiya a kan maganar kabari da ƙasa, bakinta na roƙon albarkar yini. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ashe hadda ce, tun tana aji uku.

Kunya ta kama shi, kunyar da bai ji ba ko ranar da aka nuna masa ƙofar masaƙa.

"Amin," in ji Lydia, ido a rufe. Ita ba ta taɓa shiga aji ba.

"Baba, na karanta daidai?"

Ya dubi tukunyar da ke jiran cinikin yau, ya dubi 'yarsa.

"Daidai, 'yata."

Ya taya ta ɗora faranti. Da ta fita, Lydia kuma ta juya baya, sai ya zare tsinken a hankali, ya mayar da shi shafin addu'ar safe.