Muryar Inna a Diskin Lakwal

Lakwal ɗinmu ta Bande, makarantar da nake koyarwa, tana da ordinatar, wato kwamfuta, goma sha biyu, rezon intanet kuwa sai dai a hau bishiya. Shi ya sa duk Asabar nake ɗaukar diski in hau kabu-kabu zuwa Magaria, in kwafo sababbin logisiyel, wato manhajoji, daga wata babbar ma'ajiya da ke intanet, yadda dosiyenmu, inda muke tara su a diskin, zai zama daidai da nasu.

Abu biyu nake zaɓa wa na'urar kafin ta fara. Na farko, ta kwafo abin da ya canza kawai. Na biyu, ta share duk abin da ke dosiyenmu wanda babu shi a can. Akwai na uku, gwaji, wanda ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Shi nake koya wa ɗalibai da faɗa, ni kuwa na daɗe da daina yi, don ina ganin na ƙware.

Rannan rezo ya yi nauyi, sai na ce bari in gwada in ga yawan aikin. Jerin abin da za a share ya fito: Inna 1, Inna 2, har Inna 41.

Na kira mijina, Hamma. Bawan Allah ko a jikinsa. Ya ce saƙonnin muryar mahaifiyarsa ne, wadda ta rasu bara. Ya kwashe su daga wayarsa kafin wayar ta mutu, babu su a ko'ina sai nan. Na tambaye shi dalilin zuba su a dosiyen aikina, ya ce ya duba ne ya ga shi ya fi girma, kuma shi nake lallaɓawa.

Na so in yi masa faɗa, na kasa. Na rubuta wa na'urar cewa duk abin da sunansa ya fara da Inna, kada ta taɓa shi. Na sake gwaji, jerin ya fito babu ita, sannan na kwafe su a wayata.

Ina jiran aikin ya ƙare, na sa abin ji a kunne na buɗe saƙo na bakwai. Inna ta tambayi gero, ta tambayi ɗanmu Najib, sannan ta ambaci sunana ta ce:

"Ka ce wa Ruma'isa ta riƙa cin abinci kafin ta tafi Magariyar nan. Injin ba ya guduwa."

Ban karya ba rannan ma. Na bar diskin yana aikinsa, na share hawaye, na fita neman ƙosai.