Curos ɗin da Ya Fashe

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana aikin kuku a otal, kafin gwiwa ta zaunar da shi, ɗansa ya ɗauko shi ya ba shi ɗaki a gidansa. Wata biyu da suka wuce, ya ɗanɗana miyar surukarsa a gaban baƙi, ya tashi ya ƙara mata gishiri da hannunsa. Washegari ɗan ya same shi a ɗaki.

"Baba, don girman Allah, kicin ɗin nan nata ne."

"Na ji," in ji Baba. "Daga yau ko yashi na ga tana zubawa a tukunya, ba za ka ji bakina ba."

Ya kuwa riƙe maganarsa, riƙo irin na wanda aka ɓata wa rai.

Ranar Asabar da la'asar yana zaune a teburin cin abinci yana ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Daga kujerar ana ganin rabin kicin: murhun gas, famfo, da bayan surukar. Abokan aikinta na makaranta za su zo ƙarfe biyar, ta kuma yi musu alkawarin curos, wato dogayen sandunan fulawa da ake soyawa, a birgima su cikin sukari da kirfa, a tsoma a narkakken cakulan. Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta duk da ta kusa talatin, ita ke riƙe da waya tana karanto yadda ake yi.

"Ruwa kofi ɗaya, bota cokali biyu, gishiri kaɗan. In ya tafasa ki sauke, ki juye fulawa gaba ɗaya, ki tuƙa."

"Ina tuƙawa."

"Wannan tuƙi ne ko lallashi? Yaya, sa ƙarfi mana, ba jariri ba ne."

Baba bai ɗaga kai ba, kunnensa ne ke aiki. Ya ji ƙullun ya saki jikin tukunya, ya ji an bari ya huce kafin a fasa ƙwai. A ransa ya ce yarinyar tana da hannu. Cakulan ɗin ma ta yi daidai: ta ɗumama madara, ta kashe wuta, sannan ta zuba gutsattsarin a ciki ta bar su suka narke da kansu.

"Sun ce a zuba a jakar matsawa mai bakin tauraro," in ji Auta.

"Ina na ga bakin tauraro? Miƙo min ledar can da almakashi."

A nan Baba ya ajiye zaren. Ya ga ta cika leda da ƙullu, ta yanke kusurwar, yanka mai faɗi, babban yatsa zai shige. Abin da zai fito daga nan sumul zai fito, ga kauri, babu tsaga ko ɗaya. Tsagar da bakin tauraro ke yi ba ado ba ce. Ƙullu mai santsi in ya shiga mai, bayansa yakan yi ɓawo nan da nan ya rufe ruf, tururin ciki ya rasa hanya, sai ya fashe ya watso mai. Ya taɓa ganin haka a otal, a fuskar wani abokin aikinsa da girarsa ba ta sake fitowa ba. Kuma bakin ƙarfe mai tauraro yana cikin akwatinsa a ɗaki, taku goma daga inda yake zaune.

Ya ce wa kansa alkawari alkawari ne. Ya ce ba kullum yake fashewa ba, wataƙila man bai yi zafi sosai ba. Dalilan suna zuwa masa a jere, kowanne da kyan gani, shi kuwa ya san dalilin da ya zo da sauƙi haka abin tuhuma ne. Ɗansa gishiri yake nufi, ba wuta ba. Babu mai hankalin da zai ce alkawarin ya kai nan. A ƙarƙashin dalilan akwai wani abu ƙarami da ya ƙi kallo: yana so sau ɗaya a ga abin da ke faruwa in an rufe wa tsohon kuku baki. Fashewa kaɗan yake so, ƙara kawai, ta tsorata su, su juyo su tambaye shi.

Auta ta leƙo. "Shugaban kuku na duniya, ya kuka gani? Mun ci jarrabawa?"

"Bar Baba ya huta," in ji surukar, ba ta juyo ba. "Ya yi ritaya."

Da wasa ta faɗa, har da 'yar dariya. Baba ya ɗauki zarensa.

"Ni ɗan kallo ne," ya ce.

Ta matsa uku a cikin man, tana datsewa da almakashi. Suka nutse, suka taso, suka fara ja. Auta ta ce sun yi kama da yatsun mai gadin makarantarsu. Surukar ta sunkuya da cokali za ta juya na tsakiya. Baba ya buɗe baki, ya riga ya makara.

Ƙarar ba ta fi ta murfin kwalba ba. Surukar ta saki cokalin ta ja baya, ta riƙe wuyan hannunta, ba ta yi ihu ba. Auta ce ta yi ihun.

Gwiwar da ke hana shi hawa bene ba ta hana shi isa murhun ba. Ya kashe gas, ya rufe kaskon da murfi, na biyu ya fashe a ƙarƙashinsa. Ya buɗe famfo ya tura hannunta cikin ruwan.

"Man goge baki! Bari in ɗauko man goge baki!" in ji Auta.

"Kada ki sa mata komai. Ruwa kawai, minti ashirin. Jiƙa tsumma mai tsabta ki ɗora mata a wuya."

Man ya samu bayan hannunta har zuwa wuyan hannu, ya ɗiga biyu a gefen wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin ido. Baba ya dubi wannan ɗigon, ya auna tazararsa da idon. Ba ta kai faɗin farce ba.

Ruwa yana ta zuba. Auta ta koma kan waya tana zagin wanda ya rubuta girkin, wai mutum ya ce abu mai sauƙi ne alhali bam yake koya wa mutane.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Baba. "Ya ce bakin tauraro. In babu tsaga a jiki, tururi ba ya samun mafita."

Surukar ta ɗago ta dube shi, karo na farko a yinin.

"Baba, kun san zai fashe?"

Akwai amsoshi da yawa da za su wuce lafiya. Zai iya cewa bai lura da ledar ba, tabaraunsa ma a hannu yake.

"Na sani, 'yata. Tun kina yanka ledar."

"Kai, Baba!" in ji Auta. "Kuna zaune kuna—"

"Auta, je ki kira baƙin ki ce su bari sai wani satin," in ji surukar.

Auta ta fita tana waiwaye. Surukar ta mayar da idonta kan hannunta, inda fatar ta fara tashi.

"Da kun ce mantawa kuka yi, da na yarda."

"Ban manta ba."

"Saboda maganar gishirin?"

"Saboda ita. Ban yi zaton zai kai haka ba, amma wannan ba hujja ba ce."

Ta gyara hannunta a ƙarƙashin ruwan. Da ta amsa, muryarta ba fushi, ba kuma sassauci.

"In ɗanku ya dawo zai tambaya. Zan ce mai ne ya fallatso min, kuma ba ƙarya na yi ba. Sauran ba ni zan faɗa ba. Ku kuka san yadda za ku yi da shi."

Baba ya duba agogon bango, ya ce saura minti tara, kada ta cire hannun. Ya tsaya har suka cika, ya naɗe mata wurin da bandeji sako-sako. Sannan ya ja kujerarsa daga teburin, ya kai ta falo, ya ajiye ta tana fuskantar ƙofar shigowa. Ɗansa ƙarfe shida yake tashi daga aiki.