Fitilar da Ta Ƙi Ganin Matata

Daga ƙofar ɗakinmu zuwa banɗaki taki goma sha huɗu ne, da matakala biyu a tsakiya. Ni na gina su. A kan ta biyun matata ta faɗi ran Laraba da almuru, ta fasa goshi. Idonta ya yi rauni, da rana ta faɗi sai lalube. Makunnin fitilar tsakar gida kuwa mantawa take yi da shi.

Auta, 'yarmu mai aikin asibiti, ta zo ta ɗinke wurin. Tana wanke hannu ta ce, "Baba, zan tafi da Mama wurina."

Na ce, "Shekara hamsin da ɗaya tana gidan nan."

"Kuma a gidan nan za ta karye. Na ba ka zuwa Lahadi. In na dawo na tarar tana lalube a duhu, kada ka ce ban faɗa ba."

A bene Auta take zaune, hawa na uku. Matata in ta hau can ba za ta ƙara saukowa ba. Duk mun san haka.

Na sayo fitilar nan mai kunna kanta in ta ga motsi. Tana da wani ɗan farin ido a ƙasanta. Takardar da ke cikin kwalin na ninke na sa a aljihu, ba irin karatuna ba ne. Maƙwabcina mai gyaran wuta ya leƙo ta katanga.

"Baba Magini, in zo?"

"Na ɗora rufin gidan ubanka kafin a haife ka. Ƙusa biyu ba za su gagare ni ba."

Na kafa ta can saman ƙofa, ƙarƙashin rufi, inda ake kafa fitila. Na haɗa ta da wayar tsohuwar fitilar. Da duhu ya fara na fito, ta kama fau. Na koma na sake fitowa, sau biyar. Sannan na kira matata.

Ta fito, hannu a bango, tana jan ƙafa. Fitila ko gezau.

"Koma ki sake."

Ta sake. Ba komai.

"Malam, ko ita ma ta gaji da ganina ne?" Tana dariya ta faɗa. Ni ban yi ba. Sau shida na sa ta. A na shida ta zauna a dokin ƙofa tana haki, ta ce ƙugunta. Ran Juma'a ke nan.

Asabar da safe na ƙwanƙwasa wa mai gyaran wuta. Ya dubi aikina, ya danne dariya.

"Baba, idon nan tsakiyar gida yake kallo. Kai fitowa kake kamar soja. Mama bango take bi, ta ƙarƙashin haɓarsa take wucewa."

Ya cire ta, ya mai da ita bangon kicin mai kallon ƙofarmu, daidai kafaɗata. Ya nuna mini wani ɗan abin murɗawa a gindinta. "Wannan shi ne lokaci. Na sa minti biyar. A bar shi haka."

Da yamma ta kama wa matata. Ta isa banɗaki ta shiga, fitila na ci. Tsakar gida ba kowa, tana ci. Ni kuwa duk rayuwata bin mutane nake ina kashe fitila a bayansu, 'ya'yana sun sha faɗa a kan haka. Abin ya tsaya mini a rai. Na auna tafiyata da agogo, ban kai rabin minti ba. Na ce in ninka mata, ai ya isa. Na murɗa abin baya.

Lahadi da almuru Auta ta zo da mota. Ta tsaya a tsakar gida ta harɗe hannu.

"Mama, fito mu gani."

Ta fito. Fitila ta kama. Na sauke numfashi. Ta kai matakala, ta sauka ta farko, ta tsaya cik tana hutawa. Ashe kullum nan take tsayawa. Jiya ma ta tsaya, ni fitilar nake kallo, ba ita ba. Ta daɗe ba motsi. Fitila ta mutu.

"Malam?" ta ce. Na ji takalminta yana neman matakala ta biyu.

Na fizge hulata na kaɗa a gaban idon. Haske ya dawo. Auta ta riga ta cafe ta a ƙugu, ƙafarta ɗaya a iska.

Na ce, "Abin murɗawar ne kawai. Yanzu zan gyara. Minti biyar, ko goma. Ta kwana tana ci ma."

Auta ta ce, "Wa ya taɓa shi?"

"Ni."

Auta ta juya mini baya. Ta kai uwarta ɗaki. Na ji ana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

Na bi su. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba. Na ce, "Auta, kwana uku. Don Allah."

Ba ta ɗago ba, tana ninke zannuwa. "Baba, akwai katifa ta biyu a wurina. In za ka zo, ɗauko maganinka."

Matata tana zaune a bakin gado. Ta ce, "Malam, ban da rigar nan mai yagaggen aljihu. Gidan suruki za mu."

Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Sannan na tambaye ta inda ta ajiye ɗayar rigar tawa.